Titin Abuja zuwa Keffi: ana ta faɗaɗawa amma gosulon Nyanya da Mararaba ya ƙi ƙarewa, ina matsalar take?

Duk wanda ke kwana a Masaka ko Ado ko Mararaba kuma ana jiransa a ofis ƙarfe 8 a cikin garin Abuja ya san cewa ranarsa tun kafin assalatu take farawa. Wasu ma sai sun tsallake Nyanya sannan su nemi inda za su yi sallar asuba, saboda idan ka bari gari ya fara haske baka wuce Kugbo ba to ka shiga, tafiyar da in titi a sake yake bata wuce minti 30 ba sai ta cinye maka awa 2 ko fiye, da yamma kuma a sake maimaitawa a ɗaya hannun.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shine ba wai an yi watsi da titin bane. An faɗaɗa wani sashe nasa daga wajen Kugbo zuwa bakin iyakar Nasarawa, an maida hanyar Keffi zuwa Makurdi tagwaye, a watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin tolget a kanta, sannan ga aikin sake gina ɓangaren Mararaba zuwa Keffi. Amma mai shiga mota kullum yana tambaya, to duk wannan kuɗin da aka zuba ina amfaninsa ya tafi? Kuma tolget ɗin nan ya shafe ni ko bai shafe ni ba?

Wane titi ne, kuma me kalmomin suke nufi

Titin yana tashi ne daga shataletalen AYA a Asokoro, ya wuce ta gaban barikin Mogadishu wanda har yau mutane Abacha Barracks suke ce masa, ya gangara Kugbo, gadar Karu, Nyanya, daga nan ka fita daga Birnin Tarayya ka shiga ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Sai Mararaba, One Man Village, Ado, New Nyanya, Masaka, Kuchikau, Auta Balefi, Uke, Gora, har Keffi. Duka duka wajen kilomita 50 ne. Daga Keffi hanya ta rabu, wata ta nufi Akwanga inda za ka ɗauki ta Jos ko ta Lafia da Makurdi, wata ta yi garin Nasarawa.

Masu tsara birane suna kasa tituna kashi-kashi. Akwai titin unguwa wanda ke bi ta ƙofar gidanka, akwai wanda ke tattaro motocin unguwanni, sannan akwai babban titi da suke kamantawa da jijiyar jini, shine wanda duk ƙananan suke zuba masa motoci shi kuma ya kai su tsakiyar birni. Titin Keffi irin wannan na ƙarshen ne. Sharaɗin irinsa shine mota ta yi ta tafiya ba tsayawa, mashiga da mafita su zama ƙidayayyu, kar ya zama kowane shago da kowane gidan mai yana da tasa ƙofar a kan kwalta.

Tagwayen titi, ko titi mai hannu biyu, shine wanda aka raba masu zuwa da masu dawowa da shinge ko kankare a tsakiya. Faɗaɗawa kuma ƙara layuka ne a kan wanda dama yake tagwaye. Sabis len sune hanyoyin gefe da ake yi wa mai son tsayawa ko sauke fasinja ko shiga unguwa, dan kar ya tare wa mai wucewa hanya. Baifas hanya ce da ke kewaye gari gaba ɗaya. Sai kuma filin da doka ta ware wa titin tarayya, wanda ma'aikatar ayyuka ke cewa mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, duk ginin da ke cikin wannan filin a idon hukuma a kan titi yake zaune ko da kwalta bata iso wurin ba tukuna. A riƙe wannan adadin, zai dawo a maganar diyya.

Yadda ƙauyukan bakin hanya suka zama birni ba tare da an shirya ba

A 1976 gwamnatin Murtala Mohammed ta kafa dokar da ta samar da Birnin Tarayya, a 1979 aka kammala babban tsarin birnin, ranar 12 ga Disamba 1991 kuma Babangida ya tare a Abuja. A lokacin yankin Karu ƙasar noma ce ta Gbagyi da Gwandara da Gade da sauran ƙabilun wurin, ƙarƙashin jihar Filato, dan ita Nasarawa sai 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙire ta. Ita kanta Nyanya sansanin leburori da ƙananan ma'aikatan da ke gina Abuja ce, an yi ta ne da niyyar wucin gadi.

Tsarin Abuja ya tanadi unguwanni masu kyau, ruwa da wuta da kwalta kafin a raba fuloti, wannan abu ne mai kyau a takarda amma yana da tsada kuma yana tafiya a hankali, su kuma mutane basu jira ba. Masinja da direba da mai gadi da malamin firamare da ɗan sanda da mai sayar da kayan miya duk birnin yana buƙatarsu da safe, amma bai tanadar musu wurin kwanan da aljihunsu zai iya ba.

A nan ne bambancin dokar ƙasa ya shigo, kuma shine ainihin abin da ya gina Mararaba. A cikin Birnin Tarayya ƙasa gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce, minista ne ke ba da fuloti, takardar da mai unguwa ya sa wa hannu bata da wani ƙarfi ranar da katafila ta zo. Da ka tsallaka iyaka kuwa dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce ke aiki irin ta sauran jihohi, ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, amma a zahiri mai gona ne ke yanka gonarsa ya sayar ta hannun dillalai, mai unguwa ya shaida, ka kawo bulo ka fara gini. Irin abin da Kanawa ke kira awon igiya. Ba wanda ya bar filin titi na kirki, ba magudanar ruwa, ba filin tasha ko kasuwa, kowa dai burinsa ya kasance kusa da babban titi tunda shi kaɗai ne kwaltar da za ta kai shi wurin aiki.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙara tura mutane waje. Zamanin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, 2003 zuwa 2007, an yi rusau mai yawa a unguwannin da aka ce sun saɓa wa tsarin birnin, irin su Idu da Karmo, kuma da yawan waɗanda aka tasa basu koma garuruwansu ba, gefen gari suka matsa, wasu Suleja da Madalla ta ɓangaren Neja, wasu Mararaba da Masaka. A shekarun ne kuma aka maida alawus ɗin gida kuɗi a cikin albashi aka sayar da gidajen gwamnati, sabon ma'aikaci ya zama shi zai nemi hayarsa da kansa. A 2006 aka hana acaba a tsakiyar birnin, 'yan acaba da yawa suka koma unguwannin gefe. Daga baya rikicin Boko Haram da na Filato da Binuwai da kudancin Kaduna suka ƙaro wasu baƙin. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karu mutum 200,000 da 'yan kai, tun daga nan kuma ba a sake ƙidaya a Najeriya ba, shi yasa duk adadin da ka ji ana faɗa na mutanen Mararaba yau kiyasi ne, amma wanda ya san Masaka shekara 20 baya ya kuma gan ta yanzu baya buƙatar takarda.

Ayyukan da aka yi wa titin

Manyan hanyoyin shiga Abuja uku ne, ta Kubwa, ta filin jirgi da Lugbe, sai ta Nyanya. Biyun farko tun zamanin 'Yar'adua aka ba da kwangilar maida su layi 10. Ta Nyanya ce aka bari a baya duk da tana cikin mafi cunkoso.

Aikin da ya taɓa ta sosai shine wanda aka ba kamfanin China Harbour lokacin Buhari, Babatunde Fashola yana ministan ayyuka. Kwangilar kashi biyu ce a haɗe, faɗaɗa kilomita 5.4 na titin Abuja zuwa Keffi, da kuma maida hanyar Keffi, Akwanga, Lafia zuwa Makurdi tagwaye, sama da kilomita 220. Kuɗin aikin dala miliyan 542, bankin China Exim ya ba da bashin kashi 85 cikin 100, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 15. To ka ga daga lissafin ma, kusan duk aikin yana bayan Keffi ne, ɓangaren da ma'aikatan Abuja ke bi kullum kilomita 5 da ɗan ɗori kawai ya samu a wancan zagayen. Daga baya ne aka fara aikin sake gina Mararaba zuwa Keffi, kimanin kilomita 43, zamanin da David Umahi yake ministan ayyuka, kuma shi aikin gyara titi ana bin sa a lokaci guda dole a rufe hannu ɗaya a matse motoci a ɗayan, wanda shi ma wani gosulon ne na daban.

To me yasa gosulon bai tafi ba

Dalili na farko kowa na ganinsa da ido. Idan ka faɗaɗa titi a Nyanya ya zo Mararaba ya tsuke, baka kashe cunkoso ba, matsar da shi ka yi gaba. Kamar mazurari ne, komai faɗin bakinsa abin da ƙasan ya iya fitarwa shi zai fita. Da safe ma haka, motocin da suka baje a layuka da yawa dole su sake haɗuwa wajen AYA.

Na biyu shine titin aiki uku yake yi lokaci guda. Hanyar matafiya ce, tirela daga Binuwai da doya da lemu, tankar mai, motocin Jos da Bauchi da Taraba da masu zuwa kudu maso gabas ta Makurdi duk nan suke bi. Hanyar ma'aikata ce da safe da yamma. Sannan kuma shine babban layin kasuwar garin, tunda ba a yanka wa garin wata tsakiya ba. A Mararaba bakin titin ne tasha, shine kasuwa, shine wurin jiran acaba da keke, masu tumatir da gwanjo da cajar waya sun ci layi ɗaya, mai tasi ya tsaya ɗaukar fasinja ya ci na biyu, 'yan kamasho suna tare motoci, sai ya zama titi mai layi uku layi ɗaya ne ke tafiya. Injiniyoyi na lissafin cewa layi ɗaya na babban titi zai iya wuce da motoci kusan 1,800 zuwa 2,000 a awa idan ba abin da ya tsaida su, amma mota ɗaya ta tsaya a kai na minti biyu wannan lissafin ya rushe.

Na uku yanayin wurin. Tsakanin barikin da Kugbo da gadar Karu gangara ce mai tsawo, babbar mota mai kaya idan tana hawa ta mutu ta rufe hanya, idan tana sauka birki ya tsinke abin ya fi muni. A watan Maris 2025 haka ta faru kusa da gadar Karu da yamma lokacin tashi daga aiki, babbar mota ta ƙwace ta afka wa motocin da ke cikin gosulo, wuta ta tashi, motoci da dama suka ƙone aka rasa rayuka. An sha sanar da dokar hana manyan motoci bin titin a lokutan cunkoso, ana bi na ɗan lokaci sai a saki.

Akwai kuma tsaro. Bayan bam ɗin da ya tashi a tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilu 2014 wanda ya kashe sama da mutum 70, da na biyu ranar 1 ga Mayu, sojoji sun kafa shingen bincike a wajen Kugbo, kuma waɗanda suka bi titin a shekarun nan suna tuna yadda layin motoci ke kaiwa har cikin Mararaba. Shinge ɗaya ya isa ya maida layi huɗu layi ɗaya.

Dalili na ƙarshe shine wanda ya fi wuyar ganewa dan baya faruwa rana ɗaya. Titi idan ya yi kyau tafiya ta yi sauri, sai wanda da yake ganin Auta Balefi ko Uke sun yi nisa ya ce ai yanzu minti 40 ne, ya sayi fuloti can. Mai estet ya zo ya yanka gidaje 200. Wanda ke shiga bas ya ga hanya ta buɗe ya lallaɓa ya sayi tokumbo. Bayan 'yan shekaru sabbin layukan sun cika, an dawo gidan jiya, sai dai yanzu mutanen da ke cikin gosulon sun ninka kuma daga nesa suke tahowa. Masana sufuri sun daɗe da lura da wannan, wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka Anthony Downs ya yi bayaninsa tun 1962, sannan a 2011 Gilles Duranton da Matthew Turner suka bi alƙaluman biranen Amurka suka ga cewa yawan tuƙi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Misalin da aka fi kawowa shine titin Katy Freeway a birnin Houston na Amurka, an faɗaɗa shi ya zama cikin mafi faɗi a duniya, aka gama a 2008, bayan 'yan shekaru lokacin tafiya a sa'o'in cunkoso ya sake hawa. Tsugune bata ƙare ba kenan.

Masu cewa a ƙara faɗi, da masu cewa ba a nan gizo ke saƙa ba

Masu goyon bayan faɗaɗawa, yawanci ma'aikatar ayyuka da 'yan kwangila da direbobin manyan motoci, hujjarsu bata da rauni kamar yadda wasu ke ɗauka. Suna cewa Abuja ba Houston bace. Can mutum yana da tituna goma da zai zaɓa, nan ɗaya ne tak, kuma mutanen sun riga sun zo, ba titi ne zai kawo su ba. Titin da aka yi dan garuruwa ƙanana ba zai ɗauki birni ba ko me masana za su ce. Suna kuma nuna titin Kubwa da na filin jirgi, duk da suma suna cunkushewa a wasu wurare ba za a haɗa su da yadda suke kafin a faɗaɗa ba. Sannan ko bas ɗin da ake cewa a kawo ai a kan titi zai bi.

Masu tsara birane da masana sufuri kuma suna cewa a daina ƙirga motoci a fara ƙirga mutane. Ƙaramar mota mutum 5 take ɗauka, in an yi lodin Abuja biyu a gaba huɗu a baya ta ɗauki 7 har da direba, doguwar bas ɗaya kuwa tana kwashe 50 ko fiye. Idan aka keɓe wa bas layi ɗaya da ba mai shiga sai ita, kamar yadda Legas ta fara da BRT daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, wannan layin kaɗai zai kwashi mutanen da layuka da dama na ƙananan motoci ba za su iya ba. Abuja ta gwada wani abu kusa da haka, dogayen bas ɗin da har yau ake kira motocin El-Rufai, sannan a 2013 aka hana ƙananan bas ɗin nan araba shiga tsakiyar gari dan manyan su maye gurbinsu. Sai dai manyan basu wadatar ba, da yawa sun lalace an jibge, kuma tunda ba layinsu na kansu suma cikin gosulon suke kwana. Giɓin da aka bari masu motocin gida ne suka cike shi, ma'aikaci ya ɗebi fasinja a hanyarsa ya rage kuɗin mai, kuma ta wannan ƙofar ce 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ke samun shiga tunda fasinja baya iya bambance motar ma'aikaci da ta ɓarawo.

Jirgin ƙasa ma yana cikin tsari. An ƙaddamar da jirgin cikin garin Abuja a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, aka dawo da shi a Mayun 2024, amma layukan da aka gina na filin jirgi ne da Idu zuwa wajen Kubwa. Layin da aka zana zai je Nyanya da Karu, inda fasinjan yake a jibge, har yanzu a takarda yake.

Akwai ra'ayi na uku, su kuma cewa suke matsalar ba faɗi bace, rashin madadi ne. Babban misalinsu hanyar Apo zuwa Karshi, kilomita 13 kacal, an ba da kwangilarta a 2011 dan mutanen Karshi da Orozo da Kurudu da Jikwoyi su shiga gari ta Apo ba sai sun zo sun haɗu da na Mararaba a Nyanya ba, aka shafe sama da shekara 10 ba a gama ba. A ganinsu ƙananan hanyoyi uku ko huɗu irin wannan sun fi layi 10 a wuri ɗaya.

Idan aka auna, ɓangarorin uku basu kore juna ba. Faɗaɗawa tana sayo lokaci ne, shekara biyar ko goma, abin tambaya shine me aka yi da lokacin. A titin Keffi an sayi lokacin, bas da jirgi da hanyoyin madadi kuma basu iso ba.

Titi ɗaya, iyayen gida uku

Wani abin da ke hana ruwa gudu shine ba hukuma ɗaya ke da titin ba. Kwaltar ta gwamnatin tarayya ce. Daga AYA zuwa Nyanya hukumar Birnin Tarayya ce ke kula da abin da ke gefe, da jami'anta na VIO da masu kamen 'yan talla. Daga Mararaba zuwa gaba kuma jihar Nasarawa ce da ƙaramar hukumar Karu, su ke ba da izinin gini, su ke yankar tikitin kasuwa da na tasha. Kaga mai tebur a bakin titi wanda ma'aikatar ayyuka ke kira mai cin hanya, a wurin mai yankar tikiti mai biyan haraji ne, to wa zai tashe shi? Shi yasa ake kora yau jibi a dawo.

Ita Nasarawa tana da nata ƙorafin. Doka ta ce harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, ba inda yake aiki ba, kuma jihar ta daɗe tana cewa ma'aikata da yawa a Karu suke kwana, nan 'ya'yansu ke makaranta, nan suke zubar da shara, amma harajinsu Abuja yake tafiya. Ɓangaren Abuja kuma zai ce ai titunansa da asibitocinsa mutanen ke amfani da su duk yini. Kowa da gaskiyarsa. Jihar ta kafa hukumar NAGIS dan tsara harkar filaye da takardu, wanda ya taimaka wajen rajista, amma tsara garin da an riga an gina shi ba kamar tsara fili bane. A ɓangaren Abuja, minista Nyesom Wike ya gina tashar mota ta zamani a Kugbo wadda aka buɗe a 2025, sai dai amfanin tasha yana ga ko direbobi za su shiga ciki ko za su cigaba da lodi a bakin kwalta inda fasinja ya saba tsayawa.

Abin da ya shafi aljihun talaka

Maganar tolget tukuna, tunda ita ta fi rikita mutane. Obasanjo ne ya rushe tolget na titunan tarayya sama da shekara 20 da suka wuce, yanzu an dawo da su a wannan hanyar dan a biya bashin China a kuma riƙa gyara. Kuɗin da aka sanar a Fabrairun 2025 shine naira 500 ƙaramar mota, 800 jif, 1,000 ƙaramar bas, 1,600 manyan motoci, babur da keke kuma an yafe musu. Shingayen suna ɓangaren Keffi zuwa Makurdi ne, a Garaku aka yi bikin buɗewa. Ma'ana wanda ke tasowa daga Masaka zuwa Wuse baya wuce ko ɗaya. Amma doyar da zai saya a kasuwar Orange Market ta Mararaba ta wuce ta shingayen, kuma direban da ya biya a shinge fiye da ɗaya ba daga aljihunsa zai cire ba. A ɗaya gefen, hanya mai kyau tana rage masa kwana a hanya da kuɗin gyaran mota da ruɓewar kaya, dan haka ba lallai tolget ɗin ya zama ƙarin tsada zalla ba, ya danganta da ko za a cigaba da kula da titin.

Sai haya. Duk inda kwalta ta gyaru kuɗin fili ya tashi, mai gida ya ƙara haya. Wanda ya sayi fuloti da wuri ya ci riba, ɗan haya kuma sai ya ƙara matsawa gaba, daga Mararaba zuwa Ado, daga Ado zuwa Masaka, daga Masaka zuwa Kuchikau. Kafin 29 ga Mayu 2023 lissafin yana fita, haya mai sauƙi da kuɗin mota mai sauƙi. Da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa, sai lissafin ya juye, abin da ka rage a haya ka mayar a mota, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi yasa aka fara jin ma'aikatan da ke zuwa ofis kwana biyu ko uku a sati, da masu kwana a wurin aiki sai Juma'a su koma gida.

Diyya kuma a nan mita 45.72 ɗin nan ke dawowa. A dokar ƙasa, idan gwamnati ta karɓi wuri dan amfanin jama'a abin da ke kan filin take biya, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ba farashin da dillali zai sa wa filin ba. Wanda kuma ya yi gini a cikin filin titi yawanci ba shi da haƙƙin komai a hukumance ko da ya shekara 20 a wurin yana biyan tikiti. Ɗan haya a shago ya fi kowa asara, dan ko an biya mai ginin za a ba, shi kuwa kwastomominsa ne suka watse. Duk mai shirin sayen fuloti ko kama shago a bakin wannan titin, auna tazararsa daga tsakiyar kwalta ya fi masa amfani fiye da rantsuwar dillali.

Akwai kuma wanda ba a cika sa shi a lissafi ba, mai tafiya a ƙasa. Titi mai layi 10 ya raba gari biyu, makarantar yaro tana wancan hannun gidansu yana wannan. Gadojin tsallakawa suna nan a Nyanya da Mararaba amma tazararsu da yawa, wasu 'yan kasuwa sun baje kaya a kai, da dare kuma mutane na tsoron masu ƙwacen waya, ga tsoho ko mai ciki ko mai ɗauke da buhu a ka hawa matakalar ma aiki ne. Sai mutum ya gwammace ya haura shinge ya ruga. Lokacin da titin yake cushe motoci a hankali suke tafiya, bayan an faɗaɗa kuwa da rana tsaka gudu ake yi sosai, dan haka haɗarin mai tsallakawa ƙaruwa yake yi ba raguwa ba.

Da damina kuma wani babin ne. Unguwannin da aka gina ba magudana duk ruwansu da shararsu titin suke gangarowa, kwalbati ya toshe da leda da robar ruwa, ruwa ya kwanta a kan kwalta, kuma ba abin da ke cin kwalta kamar ruwan da ya kwana a kanta ga tirela tana bi. Kwangilar titi tana gyara magudanar da ke gefen titin ne kawai, lungunan unguwanni irin su Aso da Kabayi da ruwan ke fitowa daga ciki ba sa cikin takardar, waɗannan na jiha ne da ƙaramar hukuma.